Kakanmu limamin soja ne a yaƙin Bama: me ya sa ake cewa ya yi salla yana fuskantar yamma?

Jikan Liman, daga ƙasar Taura:

Assalamu alaikum, iyayena da malamaina. Tambayata a kan kakanmu ce, mahaifin mahaifina, wanda ban riske shi da rai ba, kuma ina roƙon a yi mini haƙuri da tsawon bayani, domin sai na faɗi abin da ya jawo tambayar kafin a gane inda na dosa.

A daminar bana ruwa ya ci katangar ɗakin da ya zauna a ciki har Allah ya karɓi abinsa, sai muka kwashe kayan da ke ciki tun rufin bai rufta ba. A cikinsu akwai wani tsohon akwatin ƙarfe da ba a buɗe ba tun rasuwar kakarmu. Da muka fasa kwaɗon sai muka tarar da gafaka ɗauke da littafin fiƙihu na Risala rubutun hannu, wanda gefen takardunsa ya sha ruwa ya bushe, da carbi, da wata lambar tagulla mai siffar tauraro mai tsini shida, rataye da ƙyalle mai ja a tsakiya, shuɗi da ruwan lemo a gefe. A ƙarƙashinsu akwai takardu huɗu da aka rubuta da ajami, sunayen mutane ne a jere, kowane suna da garinsa, sannan wasu kalmomi da tawadarsu ta dushe har muka kasa karantawa.

Abin da na ji daga bakin baffana, wanda shi kaɗai ya rage cikin 'ya'yansa, shi ne kakanmu almajiri ne da ya tafi birnin Kano neman ilimi a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, daga can aka ɗauke shi limamin soja, ya tafi yaƙin Bama, bai dawo ba sai bayan damina uku, a rame, kuma har ya tsufa ba ya son a tayar da zancen. Taubasansa kan tsokane shi da "Liman mai sallar yamma", shi kuwa iyakarsa murmushi.

Wani ƙanena ya ce duk wannan ƙawata labari ne. A ganinsa Turawa ba su da gurbin liman a cikin sojansu, tsibbu kawai tsohon ya je yi wa sojoji, kuma wanda ya juya wa gabas baya ya yi salla, to, akwai magana a kan limancinsa. Maganar ta yi mini zafi, amma ba ni da hujjar mayar masa. Shin da gaske akwai limamai a cikin sojan wancan zamani, kuma mene ne aikinsu? Mene ne asalin zancen sallar yamma? Su wane ne mutanen da ke cikin takardun nan?

Malamin Tarihi, daga Birnin Kudu:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Lambar da ka kwatanta ita ce Tauraron Bama, wadda Ingila ta bai wa waɗanda suka yi aiki a wancan fagen tsakanin Disamba 1941 da Satumba 1945, saboda haka zuwan kakanku Bama ba abin jayayya ba ne. Ga yaran da za su karanta, Bamar da ake nufi ita ce ƙasar da a yau ake kira Myanmar, maƙwabciyar Indiya, ba garin Bama na jihar Borno ba, domin na sha jin ɗalibaina suna haɗa su.

A 1943, cikin Yaƙin Duniya na Biyu, aka kafa runduna biyu ta sojojin Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, daga Najeriya da ƙasar da ta zama Gana da Saliyo da Gambiya. Runduna ta 81 ce ta fara tafiya, ta jirgin ruwa, ta zagaya ta kudancin Afirka har Bombai, kuma a farkon 1944 ta shiga kwarin kogin Kaladan a yankin Arakan, inda dazuzzukan gora da tsaunuka suka hana mota wucewa. A kai ake ɗaukar kaya, jirgin sama kuma ke jefo abinci da harsashi da laima. An cire birged ɗaya ta 'yan Najeriya daga cikinta aka haɗa ta da dakarun Janar Wingate da ake kira Chindit, waɗanda ake saukewa a bayan layin Japanawa. Runduna ta 82 ta biyo baya, kuma su biyun suka haɗu a kan garin Myohaung a Janairu 1945. Duk wanda ya taɓa jin barikin Chindit a Zariya, ko Dalet da Kalapanzin a Kaduna, ko Myohaung a Legas, sunayen wancan yaƙi yake ji ko bai sani ba. Idan kakanku ya tafi a 1943 ya dawo a 1946, lokacin da aka sallami mafi yawansu, lissafin damina uku ya fita daidai.

Ƙaninka bai yi daidai ba da ya ce babu gurbin liman. Tun kafuwar sojan iyaka, wato sojan da Ingila ta kafa a Afirka ta Yamma, a 1897 Hausawa da sauran Musulmin Arewa ke da yawa a cikinsa, har Hausa ta zama harshen bariki da ake buƙatar hafsoshin Turawa su koya, kuma bataliyoyin da Musulmi suka yi yawa a cikinsu suna da limamansu. Ba don ƙaunar addini Turawa suka yi haka ba. Sun gane cewa kurtun da bai amince da yankan naman da yake ci ba, kuma bai tabbata za a yi masa sutura idan ya faɗi ba, ba zai tsaya ba. Wannan tunani ne ya sa Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda ya hau gadon sarauta a 1944, ya je har Indiya da Bama ya gana da sojojinmu. Inda ƙaninka yake da ɗan ƙamshin gaskiya shi ne ba a daidaita darajar liman da ta fada ko faston Bature ba, wanda shi hafsa ne mai cin abinci tare da hafsoshi, alhali liman yana cikin ƙananan sojoji, abin da suka ci shi yake ci.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda wasu ƙasashe suka riƙe labarin nasu. A Amurka har yau ana tunawa da limaman soja huɗu, fastoci biyu da fada ɗaya da malamin Yahudawa ɗaya, waɗanda suka miƙa wa wasu rigunansu na ceto lokacin da Jamus ta nutsar da jirgin Dorchester ranar 3 ga Fabrairu 1943, suka nutse tare da jirgin. Namu kuwa sai dai a tsinci labarinsu a cikin akwati bayan katanga ta faɗi. Shawarata ita ce kada ku sa wa takardun nan gam ko ku kai su shagon da ake manne takarda da roba mai zafi. Ku ɗauki hotonsu da waya, ku nuna wa masana ajami a Jami'ar Bayero ko Gidan Arewa a Kaduna. Idan sunayen matattu ne, hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi na ƙasashen rainon Ingila tana da jerin sunaye a intanet, kuma akwai 'yan Afirka ta Yamma a maƙabartar Chittagong da ke Bangladash, da kuma bangon tunawa na Taukkyan kusa da Rangun, wanda ke ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba.

Almajirin Zaure, daga Gumel:

Allah ya jiƙan kakanka, ɗana, ya sa hidimar da ya yi ta zama haske a kabarinsa. Ka gaya wa ƙaninka, cikin taushi, cewa gabas ba ita ce alƙibla ba. Ka'aba ce alƙibla, mu ne muka zauna yamma da ita har harshenmu ya saba da cewa "ya fuskanci gabas". Bama kuwa tana can gaba da Makka nesa, saboda haka wanda ke Arakan dole ya fuskanci mafaɗar rana, ya ɗan karkata arewa kaɗan. Da kakanka ya bi al'adar gida ya kalli mafitar rana a can, da ya bai wa Ka'aba baya shi da jama'arsa baki ɗaya. Ka yi tunanin nauyin da ke kan mutumin da zai tsaya gaban ɗaruruwan manoma da makiyaya, waɗanda tun suna goye suke ganin iyayensu na kallon gabas, ya ce musu daga yau yamma za a kalla, su kuma yarda da shi. A cikin jirgin ruwa ma, lokacin da suka kai kudancin Afirka, arewa ce alƙiblarsu. Laƙabin da taubasansa suka ba shi shaida ce ta iliminsa, ko da wasa suka nufa.

Ban yi mamakin samun Risala a gafakarsa ba, domin babin da muke wucewa da sauri a zaure shi ne abincin yau da gobe na limamin soja. Akwai kasaru, inda matafiyin da ya nufi nisan mil 48 zai mayar da mai raka'a huɗu biyu, har sai ya ƙudurta zaman kwana huɗu a wuri guda, kuma soja bai san ranar tashinsa ba. Akwai sallar tsoro da ta zo a aya ta 102 ta Suratun Nisa'i. A mazhabarmu liman yakan raba jama'a kashi biyu, kashi ɗaya ya tsaya gadi, ya yi raka'a ɗaya da ɗayan, sannan ya tsaya a tsaye har su cika tasu su sallame su je su karɓi gadi, na biyun su zo ya yi raka'arsa ta biyu da su, ya sallame, su kuma su rama wadda ta wuce su. Idan tsoro ya tsananta kowa ya yi tasa, a tafe ko a tsaye, ko ina ya fuskanta, kamar yadda aya ta 239 ta Baƙara ta yi sauƙi. Azumin 1944 ya kama ne a ƙarshen Agusta zuwa Satumba, cikin tsakiyar daminar can mai ruwa ba dare ba rana, kuma liman ne zai gaya wa mai ɗauke da kaya a kai, ga zazzaɓi ga atuni, cewa shan ruwa rangwame ne daga Ubangiji, ba zunubi ba. Wanda ya san mutanenmu ya san cewa sa Bahaushe ya ajiye azumi ya fi sa shi ɗauka wuya.

Mafi nauyi shi ne sha'anin gawa. Hukuncin shahidin fagen fama, wanda ba a yi masa wanka ko salla, malamai sun ɗora shi a kan yaƙin ɗaukaka addini, wannan kuwa yaƙin Ingila da Japan ne, don haka hanyar da ta fi kuɓutar da liman ita ce ya yi wa mamaci wanka da salla kamar kowane Musulmi, idan babu hali ya yi masa taimama, idan babu likkafani ya naɗe shi da bargonsa. A gida mukan sa kan mamaci kudu domin ya kwanta a damansa yana kallon alƙibla, a can kuwa sai a sa shi arewa. Risala ta ce ana yin salla ga mafi yawan jiki, an kuma yi saɓani a kan irin hannu ko ƙafa kaɗai. Mun karanta wannan muna samari muna mamakin inda za a taɓa buƙatarsa. Wanda ya zauna inda igwa ke sauka ya san inda.

Zancen laya ba zan musa ba. A wancan zamani da wuya ka sami sojan da ba ya ɗaure da ita, kuma da wuya malamin da ba a roƙe shi ya rubuta ba. Malamai sun yi saɓani a kan rataya ayoyin Alƙur'ani, kowane ɓangare da hujjarsa, amma mayar da dukan aikin mutum tsibbu saboda wannan rashin adalci ne.

A kan takardun, zatona shi ne kalmomin da suka dushe kwanan wata ne da sunayen shaidu. Ku duba ko za ku tsinci Rajab ko Sha'aban ko Safar.

Tsohon Saje, daga Dawakin Kudu:

Allah ya gafarta Malam, kun faɗi abin da ke cikin littafi, ni kuma bari in faɗi abin da idona ya gani, ko da yake ni ba ɗan Bama ba ne, Laberiya na je a farkon shekarun 1990, ƙarƙashin rundunar ECOMOG. A sojan Najeriya na yau sashen addini uku ne, na harkokin Musulunci, da na Katolika, da na sauran majami'u, kuma limamanmu yanzu hafsoshi ne masu anini a kafaɗa, har akan sami Birgediya Janar a shugabancin sashen. Abin da malamin tarihi ya faɗa na bambancin daraja ya wuce.

Sai dai ina da gyara a kan maganarsa cewa don kurtu ya tsaya kawai aka kawo liman. Wannan lissafin Bature ne, amma ba shi ne abin da soja yake gani ba. Liman shi ne mutum ɗaya a bataliya da kurtu zai shiga wurinsa ba tare da ya ƙame ya sara ba, ya faɗa masa cewa tsoro yake ji, ko cewa ya harbi wani kuma barci ya ƙaurace masa, maganar da ba zai taɓa yi wa samanja ba. Namu limamin shi ke riƙe wasiyyarmu. Kafin a fita aiki za ka ga mutane suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya ce ana bin sa bashi kaza a gari kaza, wancan ya ce idan ta Allah ta kasance a bai wa mahaifiyarsa agogonsa. Ranar da muka rasa mutum biyar, uku Musulmi biyu Kirista, fada yana can wani sansani hanya kuma ta yanke, limaminmu ne ya tsaya aka haƙa wa Kiristocin nan kabari, ya sa wani kofur ɗan majami'arsu ya karanta musu addu'arsu, shi kuma yana tsaye a gefe har aka gama. Na tabbata an yi irin haka a Bama.

Ba ka yi tambaya a kan bindiga ba, ɗana, amma na san ƙaninka zai yi. Yarjejeniyar Jeneva, ta 1929 da ta 1949, ta sa limamin soja a sahu ɗaya da likita: ba mayaƙi ba ne, ba a kai masa hari, kuma ta 1949 ta fayyace cewa idan ya faɗa hannun abokan gaba ba a lissafa shi fursunan yaƙi, sai dai a riƙe shi ya yi wa fursunoni hidima. Wannan a takarda ke nan. Harsashi ba ya karanta takarda, sauro da matsattsaku ma haka, kuma tafiyar da soja ya yi da ƙafa ita liman ya yi. Shirun da kakanka ya yi har tsufansa kada ku ɗauke shi ɓoye wani abin kunya. Ni ma shekara talatin ke nan matata ba ta ji rabin abin da na gani ba.

Hajiya, daga ƙasar Jahun:

Jikata ce ta karanta mini zancen nan, ita ce kuma take rubuta abin da nake faɗa. Ɗana, ina ganin na san amfanin takardun kakanka, domin irinsu ne suka warware wa mahaifiyata igiyar aure.

Kafin ta auri mahaifina ta yi wani miji, wanda aka ɗauka soja tana amarya. Aka gama yaƙi, abokan tafiyarsa suka sauka a jirgin ƙasa, shi babu shi, kuma babu wata takarda da ta iso gidansu daga hukuma. Ta zauna ita ba matar aure ba ita ba bazawara ba, dangin mijin suna cewa yana nan da rai, nata dangin suna cewa ya mutu, gonarsa kuma an kasa rabawa. Sai da aka ji labarin wani liman da ya dawo daga can, mahaifinta ya hau jaki ya yi kwana biyu a hanya ya same shi. Liman ya buɗe takardarsa ya nuna masa sunan, da ranar, da watan, ya ce shi da hannunsa ya sa shi a kabari, ya kuma faɗi mutum biyu da suka tsaya a wurin. Ɗaya daga cikinsu yana raye, aka nemo shi, suka je gaban alƙali tare.

Alƙali ya ce takaba daga ranar mutuwa ake ƙirga ta, ba daga ranar jin labari ba, saboda haka wata huɗu da kwana goman nan sun wuce tun tana daka a tsakar gida ba ta sani ba. Duk da haka ta ce sai ta zauna, kuma ta zauna. Ba ta taɓa faɗa mini sunan limamin ba, ko ta faɗa na manta, "Malamin soja" kawai take cewa, kuma duk sallar da ta yi sai ta sa shi a addu'a. Ba na cewa kakanka ne, domin limaman suna da yawa.

Jikan Liman, daga ƙasar Taura:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Allah ya gafarta Malam, zatonku ya tabbata. Jiya bayan la'asar muka fito da takardun cikin hasken rana, ni da baffa da limamin masallacinmu, muka iya karanta Safar a wuri biyu da Rabi'ul Awwal a wuri guda, kuma a ƙarshen kowane layi akwai sunaye biyu da muke ɗauka ci gaban sunan farko ne, ashe na wasu mutane ne dabam. Layukan 31 ne, kuma a gefen 26 daga cikinsu akwai ɗan zagaye da aka yi da wata tawada wadda ba irin ta rubutun ba. Da baffa ya gani sai ya tuna cewa yana yaro mahaifinsa kan ɗaure wa jaki kaya bayan an gama girbi ya yi makonni ba ya gida, ana cewa ya tafi ziyara, har ƙasar Haɗeja da Kazaure.

Inna Hajiya, akwai suna ɗaya da aka rubuta Jahun a gabansa, yana cikin masu zagaye. Ba zan rubuta shi a nan ba, amma idan jikarku ta aiko mini da sunan mijin mahaifiyarku na farko a asirce, zan gaya muku ko shi ne. Ƙanena ne ya ɗauki hoton takardun da wayarsa, kuma shi ya ce zai kai su Kano ranar Litinin, domin a taimaka mana da karanta garuruwan mutum biyar ɗin da babu zagaye a gefensu.